Hannu a Ƙarƙashin Uwar Ƙwai

Tun da suka sauka a kwazazzabon nan na kudancin hamadar Gobi, Yanjin ba ta yi aikin yini guda a tsaye ba. Sati biyar ke nan kullum a kwance take, kunci a kan jan yashi, hannun dama cikin rami har kafaɗa. Daga Ulaanbaatar, babban birnin ƙasar, ta zo sanin makamar aikin gyara da adana kayan tarihi, tana zaton buroshi da gam za a ba ta, ta riƙa lallaɓa ƙasusuwan dainoso, dabbobin nan na zamanin da, kamar yadda aka koya musu a makaranta. Ina! Ranar farko Malama Norjmaa, shugabar masu tonon, ta kama damtsenta ta jujjuya kamar mai tayin tunkiya, ta ce, "Wannan siririn hannu zai yi mana rana." Shi ke nan, an yanka mata aiki.

Kwazazzabon kuwa matsattse ne, in ka buɗe hannuwa ka kusa taɓa bangonsa biyu. Iska ba ta shiga, waya ba ta kamawa, sama ma ɗan siririn tsagi ake gani. Yanjin ta tsani wurin, ba ta ɓoye wa kanta ba. Kullum da safe in ta gangara, ji take kamar an rufe ƙofa a bayanta.

Abin da ya tsare su a nan shi ne Uwar Ƙwai. Haka suke kiranta. Dainoso ce da ba ta fi jimina girma ba, tana kwance a kan sheƙarta, ta buɗe hannuwa ta kewaye ƙwanta ashirin da biyu. Yashi ya rufto mata shekaru miliyan saba'in da suka wuce, ba ta tashi ba. Malama Norjmaa ta yi rani talatin da huɗu tana yawon jejin nan kafin ta ci karo da ita, a daidai shekarar da likita ya ce gwiwoyinta sun gama aiki, wannan fitar ce ta ƙarshe. Kowace safiya kafin ta kurɓi shayi, sai ta yayyafa ɗan kaɗan a gefen ramin, ta ce, "Kin tashi lafiya, tsohuwa?" Ba wanda ya isa ya yi dariya.

Ba a ɗebe irin wannan ƙashi ɗai-ɗai. Haƙa ake yi a kewaye shi da ƙasarsa, a lulluɓe saman da jiƙaƙƙiyar takarda, a bi da tsummokin algarara da aka tsoma a filasta, farar hodar nan da ake ɗaurin karaya da ita a asibiti. In ya bushe sai a rarake ƙarƙashi, a bar dunƙulen a kan ƙafafu biyu na ƙasa, da rami a tsakani. Ta ramin nan ake zura wasu tsummokin a ɗaure gindin, don kada cikin ya zube ranar da za a kife shi. Dunƙulen Uwar Ƙwai ya kai faɗin tebur, nauyinsa kuwa ƙarti shida ba sa ɗaga shi. Ramin da ke ƙarƙashinsa hannu ɗaya kaɗai ke shiga, na Yanjin.

Akwai kuma maganar baki. A ƙasarsu ba a kiran mugun abu da sunansa, don yana jin kira. Yanjin ta san da haka, kakarta ma haka take, amma zaman birni ya sa ta ɗauke shi zancen tsofaffi. A sati na biyu ta dubi bangon kwazazzabon ta ce in aka yi ruwan kirki ambaliya za ta share musu komai. Malama Norjmaa ta ajiye buroshi, ta sa ta tofar da yawu sau uku a gaban kowa kamar ƙaramar yarinya. Daga ranar samarin sansanin suka laƙaba mata Baƙin Baki. In takalmin wani ya yage, ita ce. In shayi ya ƙone, ita ce. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta ƙudurta cewa ko sama za ta faɗo ba da bakinta za a ji ba.

Ranar da abin ya faru ruwa ya ƙare musu, don filasta ta fi raƙumi sha. Da sassafe direba ya kwashi samarin nan uku da durom-durom suka nufi rijiya, tafiyar da sai rana ta kusa faɗuwa ake dawowa. Aka bar mutum uku: Yanjin, da Malama, da Baba Galsan mai dafa abinci, tsoho mai haƙori huɗu da baki kamar reza.

Wajen hantsi Malama ta tsaya tana kallon yamma, inda wani baƙin hadari ya fara taruwa. Ba ta ce komai a kansa ba. Cewa ta yi, "Tsoho, kwaɓa mana abin da ya rage. Yau za mu ɗaure gindin."

"Da wane ruwan?" in ji Galsan. "Guntun da ke gindin durom ya sha rana, ga gishiri. Ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki."

"Ba sha za mu yi ba. Kwaɓa."

Su duka sun san ruwan ɗumi mai gishiri yana sa filasta saurin kamawa. Malama ta ce ai sai a yi sauri. Galsan ya kwaɓa da kauri, don ruwan bai isa ba.

Yanjin ta kwanta a wurinta, ta leƙa ramin kafin ta zura hannu. A nan ta gani. Ƙafar hagu da ke riƙe da dunƙulen ta tsage daga sama har ƙasa, yashi na tsiyaya daga tsagar a hankali kamar gishiri daga hujin buhu. Ta buɗe baki, maganar ta zo har kan harshe, sai ta tuna yawun nan uku da dariyar samari.

Ta ce, "Malama, ko mu jira mota?"

"Me kika gani?"

"Ba komai."

"To karɓi."

Tsumma na farko ya wuce lafiya, Malama ta cafe shi ta ɗaya ɓangaren. Na biyu ma haka. A na uku Yanjin ta dunƙule babban tsumma mai nauyin filasta a tafin hannu, ta tura har kafaɗarta ta manne da dunƙulen. Ba a ji wata babbar ƙara ba. Wani ɗan sauti ne kawai, kamar an taka busasshen cuku. Dunƙulen ya karkato hagu, ya zauna a kan hannunta tsakanin gwiwa da wuyan hannu.

Ta ja. Hannun bai san ana yi ba.

"Kada ki ja," in ji Malama, muryarta a kwance. "Tsoho, kawo sandunan."

Galsan ya kawo sanduna biyu na ger, tantin da suke kwana a ciki, suka cusa ƙarƙashi suka danna. Ta farko ta karye nan take, ta biyu ta lanƙwashe kamar baka, dunƙulen ko gezau. Jak ɗin da zai ɗaga shi yana cikin mota, motar tana can bakin rijiya. Galsan ya durƙusa da ƙaramar diga zai haƙa ta ƙarƙashin hannun, sara biyu ƙarfen ya yi tartsatsi. Falalen dutse ne a ƙasan. Ya matsa gefe inda ƙasa ke da laushi, Malama ta riƙe masa hannu, ta nuna masa da haɓa: abin da ya rage na karyayyar ƙafar ne ke tallafe da rabin nauyin. In ya taɓa wurin, sauran zai sauko gaba ɗaya.

Suka tsaya cirko-cirko. Hanya ɗaya ta rage, kuma su ukun sun san ta. A sare gefen dunƙulen da ya danne hannun, a cire shi. A daidai gefen nan kuwa hannun Uwar Ƙwai yake, da ƙwai huɗu da ya rungume. Yanjin ce ta lulluɓe wurin da takarda da kanta, ta san kowane yatsa na dabbar.

"Mota za ta zo," in ji Malama. "Da jak, minti biyar an gama. Za ki iya jira?"

"Zan iya."

Galsan ya tuɓe doguwar rigarsa ya shimfiɗa a kan sandunan nan biyu, ya yi mata inuwa. Ya zauna kusa da kanta ya fito da battar tabarsa.

"To, 'yar birni, yau dai kin samu hutu. Mu muna tsaye, ke kina kwance kamar matar gwamna."

"Baba, ka zo mu yi musaya mana."

"Hannuna ba zai shiga ba. Kin ga amfanin cin kitse? Kullum ina zuba miki kina turewa gefe."

Ta yi ɗan murmushi don kada ya ji kunya. Amma wani abu ya fara a cikin ramin wanda ba su gani. Filasta in za ta kama zafi take yi, kowa ya sani, siririn shafi ma sai ka ji ɗuminsa a tafin hannu. Wannan kuwa curi ne guda, mai kauri, an kwaɓa da ruwan ɗumi, kuma a cikinsa hannunta yake. Da fari kamar ta riƙe kofin shayi. Can sai ya koma kamar ta tsoma hannun cikin shayin. Ta so ta buɗe yatsu, suka ƙi. Filastar ta riga ta kama su a dunƙule.

Ta dubi tsagin saman nan. Rabinsa ya yi baƙi. Wani ƙwaro ya bi ta gaban hancinta ya wuce abinsa, ta bi shi da kallo har ya ɓace, tana jin haushinsa. Duk duniyarta ta dawo taku biyu: jan yashi a kumatu, warin jiƙaƙƙiyar algarara, da farin bangon filasta da ke gaban idonta. Ta tuna malaminsu na makaranta da ke cewa mai wannan sana'a ba shi da jari sai yatsunsa. Ta tuna yadda take zare zaren gam da allura ba tare da hannunta ya yi rawa ba, abu ɗaya da ta tabbatar ta fi kowa a ajinsu. Tsoro ya kama ta sosai. Duk da haka ta kulle bakinta.

"Da zafi?" in ji Galsan a hankali.

"Kaɗan."

Ya tashi ya tattaro ɗan ruwan da ya rage a buta ya kwarara cikin ramin. Yashi ya shanye kafin ya kai ko'ina.

Malama ta kasa zama. Sai ta zagaya dunƙulen, ta hau bakin kwazazzabon da gwiwoyin nan nata ta duba hanya, ta sauko, ta sake zagayawa. Sau biyu Yanjin ta ga ta ɗora tafin hannu a daidai wurin ƙwai huɗun nan, ta ɗauke da sauri kamar ta taɓa murhu. Galsan yana kallonta, ita tana kallon ƙasa. Tsofaffi biyu, kowanne ya san abin da ke faruwa da hannun da jini ya daina zuwa masa, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara faɗa.

Aka ɗauki lokaci a haka. Sannan zafin ya fara raguwa. Yanjin ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ya yi sauƙi yanzu. Ba na jin komai."

Galsan ya rufe battarsa. Malama ta zagaya ɗaya ɓangaren, ta kwanta rub da ciki, ta zura hannu iya inda zai shiga, wurin da kan yatsun Yanjin suka ɗan leƙo daga filastar.

"Wane yatsa na taɓa?"

Yanjin ta saurara da duk jikinta. Babu komai a can, kamar hannun ya ƙare a gwiwa. Ta yi canke.

"Manuni."

Ta ƙarƙashin dunƙulen tana iya hango ido ɗaya na Malama, ya kafe a kanta.

"Ƙaramin ne," in ji Malama. "Kuma ba taɓawa nake ba, mintsini nake yi."

A nan ne abin da Yanjin ta danne sati uku ya ɓalle. Ba ta yi ihu ba. A fili ta yi maganar, kalma bayan kalma, kamar mai karanta takarda.

"Malama, hannuna mutuwa yake yi. In muka jira mota yanke shi za a yi. Na faɗa, kuma ba zan tofar ba."

Galsan ya sunkuyar da kai. Malama ta janye hannunta, ta miƙe da ƙyar, ta tafi wurin akwatin kayan aiki. Ta dawo da zarto da guduma da kurfi.

"Kawo in yi," in ji Galsan. "Ke ba sai kin gani ba."

"Kai da ko albasa a karkace kake yanka ta? Matsa. Ka tallafe mata kai, ka rufe mata ido saboda ƙura."

Ta yanka filastar sama da zarto, ta ɓanɓare, takardar da Yanjin ta shimfiɗa ta bayyana. Ta ɗaga takardar. Ga yatsun dabbar nan uku, farare, dogaye, a kan ƙwan. Malama ta ɗora bakin kurfi a gefe, ta fara ɗan ƙwanƙwasawa a hankali, tana neman hanyar da za ta bi tsakanin ƙashi da ƙashi. Hannun da ya saba shekara talatin da huɗu ba ya mantuwa a rana ɗaya.

"Norjmaa," in ji Galsan. Bai taɓa kiran sunanta gatsal ba sai yau. "Ba tono kike yi ba."

Ta tsaya. Ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, ba da su take ba. Sannan ta mayar da kurfin tsakiyar hannun Uwar Ƙwai, ta ɗaga gudumar sama da kafaɗa.

Yanjin ba ta gani ba, tafin Galsan mai warin taba yana kan idonta. Amma ta ji, ta kunne da ta ƙashin kafaɗa. Dutse ƙararsa daban, ƙashi ƙararsa daban, kuma ta san wanne ne wanne. Ta ji na ƙwan ma, ƙaramin sauti, sau huɗu. Hawaye suka jiƙa tafin tsohon, bai ɗauke ba. A sara na goma sha wani abu gefen ya rabu, Malama ta rungume shi ta mirgina gefe, Galsan ya kama Yanjin ta hammata ya ja. Ta fito da farin curi a ƙarshen hannunta kamar kan guduma.

Da filaya suka ɓarɓashe shi. Fatar bayan hannun ta yi jawur ta tashi bororo, yatsun sun yi launin toka, a dunƙule. Malama ta zauna dirshan a ƙasa, ta ɗora hannun a cinyarta tana murza damtsen daga sama zuwa ƙasa. Can jini ya fara komawa, da wani irin ciwo da ya fi na ɗazu, kamar ana tsira mata allurai ɗari. Yanjin ta cije leɓe.

"Yi kukanki," in ji Galsan. "Wannan ciwon mai kyau ne, shi muke nema."

Ta juya ta dubi dunƙulen. Gefensa a wangale, jan yashi da farin gari, gutsattsarin ƙashi da ɓawon ƙwai sun warwatsu har bakin takalmanta. Uwar Ƙwai ta rungume 'ya'yanta shekara miliyan saba'in, yau an karya mata hannu a cikin minti goma. Kunya ta rufe Yanjin.

"Malama, na ga tsagar. Kafin in sa hannu na gan ta. Tsoron a ce bakina ne ya sa na yi shiru."

Malama ba ta daina murzar ba.

"Ni tun jiya da yamma na gan ta," ta ce. "Na ce in ban kira ta ba, za ta kai mu gobe."

Galsan ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya tashi ya ɗauko tamfol, don ɗigon farko ya fara sauka a kan farar filastar. Ya lulluɓe dunƙulen ya danne da duwatsu, sannan ya durƙusa yana tsince gutsattsarin cikin kwanon shayi.

Malama ta miƙa hannu cikin kwanon ta ɗauko ɓawon ƙwai, bai fi farce ba. Ta lallaɓa ta buɗe tafin Yanjin ta ɗora shi a tsakiya.

"Riƙe."

Yanjin ta dubi yatsunta kamar na wani. Ta aika musu saƙo, suka yi banza da ita. Ta sake. Babban yatsa ya motsa, manuni ya bi shi yana rawa, na tsakiya ya biyo baya. Sauran biyun suna nan a sandare. Amma ukun sun haɗu a kan ɓawon, kuma ta ji kaifin bakinsa a fatarta.

"Na ji shi," ta ce. "Yana da kaifi ta gefen nan."

Malama ta saki numfashi, ta goge fuska da bayan hannu, ta bar farin zane a goshinta.

"Gutsattsarin nan sun fi ɗari uku," ta ce. "Ni idona ba ya ganin irinsu yanzu, hannuna ma rawa yake. In likita ya gama da ke, ki same ni a ɗakin gyara. Hunturu yana da tsawo. Ba wanda zai taɓa hannun Uwar Ƙwai sai ke."

Ruwan ya ƙaru. Galsan ya ce su tashi su hau sama tun kwazazzabon bai kawo ambaliya ba, ya faɗi haka ƙarara, kuma ba wanda ya ce ya tofar. Suka kama hanyar hawa, tsohon a gaba da kwano a rungume, Malama tana dafa kafaɗar Yanjin saboda gwiwa. Har suka kai bakin tudu Yanjin ba ta saki ɓawon ba.